Zauren da ke ƙarƙashin dala

Bakano in ya ji an ce dala, buhunan gyaɗa ne ke fara faɗo masa a rai, ko dutsen nan na tsakiyar birni. Wadda na tsaya a gabanta da hantsi a Paris ta gilashi ce, tsayinta mita 21 da ɗoriya, a filin da tsohuwar fadar Louvre ta kewaye ta ɓangare uku. Jama'a sun yi dogon layi, kowa da waya a hannu yana ɗaukar hotonta. Abin da suke ɗauka kuwa rufi ne kawai. Ainihin ginin yana ƙarƙashin ƙafafunsu.

A 1981 Shugaba François Mitterrand ya ƙudura faɗaɗa gidan tarihin da ke cikin fadar. A lokacin Ma'aikatar Kuɗi ce ta mamaye reshe guda na fadar, filin nan kuma har motoci ake ajiyewa a cikinsa. Aka ba I. M. Pei aikin, mai zanen gini Ba'amurke ɗan asalin ƙasar Sin. Ya ga fadar doguwa ce ainun, baƙo sai ya galabaita kafin ya kai ƙarshenta, don haka ƙofa ta dace ta dawo tsakiya. To amma duk abin da ka ɗora a tsakiya zai tare fuskar ginin da ya shekara ɗaruruwa. Sai ya haƙa ƙasa. Jaridun Paris sun yi masa ca, ana cewa zai ɓata gadon sarakuna, amma a watan Maris na 1989 aka buɗe dalar, da fallayen gilashi 673. Gilashin ma sai da kamfanin Saint-Gobain ya sarrafa na musamman, domin na gama-gari yana da ɗan kore-kore, Pei kuwa ya dage sai wanda in ka duba ta cikinsa za ka ga dutsen fadar da launinsa na asali.

Na sauka ta matakalar da ke murɗawa kamar dodon koɗi. A tsakiyarta akwai wani dandamali kewayayye da ke tasowa daga ƙasa ya ɗauki tsofaffi da masu keken guragu, ya sake nitsewa. A ƙasa ban ji alamar rami ba ko kaɗan. Rana ta zubo ta shimfiɗa inuwar ragar ƙarfe a kan daɓe, bangon dutse mai launin madara yana mayar da hasken, in ka ɗaga kai kuma ga gajimare da kawunan ginin fada. Zaure ne sosai, irin na gidan mai sarauta: nan baƙo ke tsayawa, a san inda ya nufa, sannan ya bi ɗaya daga ƙofofi uku, Denon ko Sully ko Richelieu.

Sai dai zauren ya yi wa baƙinsa kaɗan. An tsara shi ne don mutum wajen miliyan 4 a shekara, a 2024 kuwa miliyan 8.7 suka shiga. Hayaniya na bugun dutse tana dawowa, gilashin yana tara zafi, ba ka samun inda za ka zauna ka kalli aikin da natsuwa. Shi ya sa a Janairun 2025 Shugaba Macron ya sanar da shirin buɗe wata ƙofa ta gabas da haƙa sababbin ɗakuna, har da na hoton Mona Lisa shi kaɗai. Ga kuma kogin Seine a maƙwabtaka. A ambaliyar Yunin 2016 sai da aka rufe gidan don kwashe kaya daga ɗakunan ƙasa. Wanda ya yi gini a rami, shi da ruwa sun ƙulla zaman tsaro na har abada.

Ta ƙofar Sully na bi, na tsinci kaina ina tafiya a cikin gwalalon ganuwar da Sarki Philippe Auguste ya fara ginawa wajen 1190. Haƙar da aka yi a shekarun 1980 ce ta tono ta, aka bar ta a inda take, aka yi mata rufi. Na daɗe a tsaye a nan, zuciyata tana kan ganuwar Kano da ake yankar ƙasarta ana dasa shaguna a kanta. Abin ya sosa mini rai.

Inda na fi daɗewa shi ne sashen fasahar Musulunci, wanda aka buɗe a watan Satumba na 2012 a wani tsakar gida mai suna Cour Visconti. Rudy Ricciotti da Mario Bellini ne suka zana shi. Rufinsa ragar ƙarfe ce mai ruwan zinariya a kan gilashi, tana lanƙwasa kamar mayafin da iska ta ɗaga, kuma ba ta taɓa bangon fadar ta kowane gefe. A hawan sama haske tatacce ne, irin wanda ke ratsa asabari da la'asar. Daga nan matakala ta baƙin kankare ta kai ni ƙasa, cikin duhu mai sanyi, inda fitila ke kan kayan kawai. Dardumomi da rubuce-rubucen hannu ba sa son rana, saboda haka duhun nan kariya ce gare su. Amma yana yi wa ido wani aiki ma. Ɗan akwatin hauren giwa na al-Mughira, ɗan Halifa Abdurrahman na Uku na Andalus, wanda aka sassaƙa a 968, bai kai taƙi guda ba. A fili mai haske da ka wuce shi ba ka sani ba, a nan kuwa shi ke jawo ka, har sai ka sunkuya ka ƙirga zakoki da mahaya. Haka ma babban daron tagulla na zamanin Mamluk, wanda Muhammad ibn al-Zayn ya yi wa ado da azurfa da zinariya ya sa sunansa a jiki sau shida, daga baya gidan sarautar Faransa ya riƙa yi wa jarirai wankan coci a cikinsa. Na yi ta tunanin maƙeran farin ƙarfe na kasuwar Kurmi, da yadda za su tsaya su karanci bugun gudumar wannan mutum.

Washegari jirgin ƙasa mai gudu ya kai ni Lyon cikin kimanin awa biyu. Na hau tudun Fourvière a ɗan jirgin da ake ja da igiyar ƙarfe, wanda 'yan garin ke kira ficelle, wato zare. A wannan tudu Rumawa suka kafa birnin Lugdunum shekara 43 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma dandalin wasanninsu na dutse, mai cin mutum wajen dubu 10, yana nan har yau. Na tsaya a cikinsa ina neman gidan tarihin da aka ce yana gefe. Tudu na gani da ciyawa da bishiyoyi, sai tagogi biyu manya da suka leƙo daga cikin ƙasa kamar idanu.

Bernard Zehrfuss, ɗaya daga cikin waɗanda suka zana hedikwatar UNESCO a Paris, shi ya yi wannan aiki, aka buɗe a 1975. Ta sama ake shiga. Daga nan babu ɗakuna masu ƙofa, gangare ne guda ɗaya mai faɗi da ke sauka yana kewayawa, kayan tarihi na jere a hanya, ƙafarka na bin ƙasa ba tare da ka lura ba. Kankaren ba fenti ba yaɓe, ana ganin sawun katakon da aka zuba shi a ciki. Ginshiƙan a karkace suke, suna lanƙwasawa su haɗu da rufi, domin su ne ke tokare nauyin tudun. Duk wanda ya taɓa zama a soro mai bakan gizo, inda azara ke fitowa daga bango ta rusuna ta riƙe rufin ƙasa, jikinsa zai gane wannan wuri tun kafin a yi masa bayani. Sanyin ma iri ɗaya ne.

A nan aka ajiye allon tagulla mai ɗauke da jawabin da Sarki Claudius, haifaffen wannan gari, ya yi a majalisar Rum a shekara ta 48, yana neman a buɗe wa manyan Gaul, yankin da Lyon take ciki, ƙofar majalisar. A 1528 aka tono shi. Akwai kuma daɓen 'yan duwatsu masu launi da ke nuna tseren keken dawaki, wanda aka bar maka gurbi ka leƙo shi daga sama, ka gan shi gaba ɗaya. Kana cikin wannan dushi-dushi sai ka iso bakin ɗaya daga tagogin nan biyu, dandalin Rumawa ya cika maka ido cikin rana tsaka. Ni dai na fi ƙaunar wannan gini a kan na Pei. Dalar Paris ta zama abin kallo da kanta, har ta fi wasu kayan cikin suna. Zehrfuss ya ɓoye nasa aikin ƙarƙashin ciyawa, ya bar wa magina na shekaru dubu biyu filinsu.

Da yamma na gangaro tsakanin kogunan Rhône da Saône, zuwa filin Célestins da ke gaban gidan wasan kwaikwayo. A tsakiyar filin akwai wani bututun leƙe, yara sun kewaye shi. Ƙarƙashinsa wurin ajiye motoci ne da aka gina a shekarun 1990, kewayayye kamar rijiya, jikinsa duk tagogi masu baka hawa-hawa. A gindin rijiyar mai fasaha Daniel Buren ya kafa wani babban madubi a karkace da ke juyawa a hankali. Na jira wata yarinya ta gama, mahaifinta ya sauke ta, na kafa idona. Bakunan suna birkicewa, na ƙasa ya koma sama, fitilar wata mota ta gilma ta ɓace, sannan madubin ya sake zagayowa.