Kasuwar Kurmi da Marinar Ƙofar Mata

Baƙon da ya sauka Kano bai ga gari ba sai ya shiga Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15. A lungunanta ake cinikin saƙi, da jakunkunan fata, da turkudin Kura wanda Buzaye ke naɗawa. Amma yau yadin ƙasar Sin ya cika gari, ga araha. A Ƙofar Mata kuwa, rijiyoyin rini da dama sun bushe, ƙalilan ne ake jiƙa baba da toka a cikinsu. Saboda haka mai saye ya lura: turkudin gaske yakan bar shuni a yatsa, kuma kuɗinsa ne abincin marini da mabugi.