Takardu Uku a Teburin Mai Shayi

A daminar 2001 na yi kusan wata guda ina yawo da ambulan uku a aljihun rigata, har gefunansu suka yi laushi saboda gumi. Ɗaya daga Zariya ta zo, ɗaya daga Yamai. Ta ukun, wadda ta fi su kyawun takarda da kan sarki, daga wani gari ne a gabashin Faransa da ake kira Bezanson. Dukkansu magana ɗaya suke yi, wato an ba ni gurbin ci gaba da karatun Faransanci. Yanzu in na ba yara labarin sai su ce ai na ji daɗi. Ina fa daɗi! Wanda ya rasa gurbi kukansa ɗaya ne, ya yi ya share hawaye. Ni kuwa duk wadda na ɗauka sai na binne biyu da hannuna.

Gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi yake, cikin wani lungu bayan titin Kotu. Ba mu da akwatin gidan waya, na ofishin wani maƙwabcinmu duk layin ke aro. Takardar Faransa ta yi kwana goma sha biyu a durowarsa kafin ya tuna, ya aiko ƙaramin ɗansa da ita tare da ban haƙuri. A watan Agustan shekarar ne wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya, kuma kuɗin layi ɗaya ya fi albashin da nake karɓa a wata makarantar kuɗi da ke Tarauni. In kana son sanin wani abu game da jami'a, sai ka taka zuwa shagon intanet a titin Gidan Zu, ka sayi awa guda, rabinta ya ƙare kana kallon shafi yana buɗewa kamar mai ciwon ƙafa. Sauran bayani kuwa a bakin mutane yake: wane ya ce, ƙanin wane ya je ya dawo.

Karanta Faransanci a Kano a wancan zamani sai mai taurin kai. Da na shiga Jami'ar Bayero ba mu cika benci biyu ba a ajinmu, kuma duk wanda ya ji abin da nake karantawa sai ya tambaye ni ko gadi zan koma yi a Nijar. Da Janar Abacha ya furta a ƙarshen 1996 cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Najeriya, mun yi ta tafiya da ƙafa ɗaya a sama, muna ganin kakarmu ta yanke saƙa. Maganar ta shiga kundin manufofin ilimi, amma ba ta sauka ƙasa ba. Malamanmu sun yi shekararsu ta uku a Faransa ko Togo, lokacin da naira ke da ƙarfi. Mu da muka zo bayan tsuke bakin aljihu, Ƙauyen Faransanci na Badagiri aka tura mu, wanda gwamnati ta kafa a 1991 don ya maye gurbin waccan tafiya. Mun ƙaru a can, ba na musu. Sai dai kana fita ƙofa Yarbanci da Turancin buroka za su tare ka. Na gama digiri, na yi bautar ƙasa, ban taɓa kwana a garin da ake cinikin tumatir da Faransanci ba. Wannan ƙishirwar ce ta sa na watsa takardun nema har waje.

Bezanson ce ta fara faɗuwa, kuma a rumfar kawuna ta faɗi, a Kantin Kwari. Garin ya yi suna wajen horar da malaman Faransanci daga ƙasashen waje, cibiyarsa ta koyar da harshe tana aiki tun 1958, malaman Najeriya da dama sun ratsa ta. Gurbi suka ba ni, ba su ba ni tallafi ba, kuma kafin biza sai ka nuna kuɗin da zai riƙe ka shekara. Kawu bai yi boko mai nisa ba, amma da mutanen Maraɗi da Damagaram da Njamena yake ciniki, canjin sefa a kansa yake. Ya sa na karanta masa adadin, ya tura yaronsa Wapa, wurin 'yan canji, ya tambayo farashin faran na Faransa a ranar. Ya jawo kwalin atamfa ya yi lissafi a bayansa da biro. Faran ɗaya sefa 100 ne tun da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, don haka sai ya mayar da kuɗin sefa tukuna, don ita ya fi ganewa, sannan ya mayar da su naira. Ya daɗe yana kallon kwalin.

"Ɗan nan," ya ce, "wannan ai dila nawa ce ta shadda. In na ba ka na bana, na baɗi fa? Ga shi an ce kuɗin nasu ma canja shi za su yi."

Gaskiyarsa, a Janairun 2002 yuro ya fito. Ban ji haushinsa ba, ko da yake na yi kwana biyu ba na cin abinci sosai. Umma kuwa ko a jikinta. Ita dama abin da take tambaya game da Faransa guda biyu ne, ko akwai masallaci, da kuma wa zai kawo mata labari in na kwanta ciwo.

Saura Zariya da Yamai, kuma a nan ne hankali ya rabu gida biyu da gaske.

Duk mai hankali Zariya zai ce. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen Faransanci mai zaman kansa da manyan malamai. Daga gidanmu in taka zuwa titin Zariya, in hau bas zuwa tashar Unguwa Uku, kafin azahar ina Samaru. Zan iya riƙe aikina, in koyar Litinin zuwa Laraba, in tafi karatu sauran kwanakin. Abin da ya fi duka nauyi shi ne takardar da za su ba ni digiri na biyu ce da kowace jami'ar Najeriya ta sani, ba mai juya ta yana tambaya mece ce wannan. A tsarin Faransa na lokacin, wanda Nijar ke bi, bayan lisans akwai metriz ta shekara ɗaya, sannan DEA, sannan a shiga digirin dakta. Da yawa a nan gida suna lissafa metriz daidai da digirinmu na farko mai shekara huɗu. Ke nan in na tafi Yamai sai na yi shekara biyu cur kafin in riƙe abin da za a yarda a kira digiri na biyu, in ma an yarda. Daga baya ne Faransa ta haɗe matakan biyu suka zama masta, ƙasashen da ta rena suka bi sahu. Mu mun zo kafin gyaran.

Yajin aiki kuwa ba ya raba gardama, don kowane ɓangare yana da nasa. A shekarar ma malaman jami'o'in Najeriya sun yi na kusan wata uku. Yamai kuma ta sha abin da suke kira farar shekara, wato shekarar da ake sokewa ɗungurungum a sake lale, ga shi shekara biyu da 'yan watanni ke nan da kashe Shugaba Bare Mainasara.

Na je gidan wani tsohon malaminmu a Hausawa da yamma, na same shi a kan tabarma yana gyaran takardun jarrabawa. Bai ko karɓi ambulan ɗin ba. Ya ce, "Me kake son bincikawa, kuma wa zai duba maka? A wannan matakin mutum ake zaɓa. In ka dace da sufabaiza, ko a gindin bishiya za ka gama. In ba ka dace ba, shekara biyar kana bin ƙofar ofis da fayil a hammata." Na ce masa littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani nake so. Na karanta shi a hoton-kwafi a shekarar ƙarshe, bai sake ni ba. An buga shi a 1980, labarin Sarauniyar Lugu ce da ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, Med Hondo kuma ya mayar da shi fim a 1986. Abin da ya kama ni shi ne ina karanta Faransanci amma kunnena Hausa yake ji a ƙarƙashi, a kirari da rantsuwa da yadda manya ke jefa magana. Malam ya gyaɗa kai, ya ce a Zariya ba zan rasa mai duba adabin Afirka ba, amma in tambayi kaina inda kayan aikin suke. Daga nan ya koma kan jan birensa. Bai zaɓa mini ba, kuma a ranar na ji kamar ya yi mini rowa.

Wanda ya ƙarasa zancen mai shayin bakin layinmu ne. Mutumin Magarya ne, ya yi lakwal, wato makarantar boko, shekara shida kafin talauci ya cire shi, kuma tun da ya ji abin da nake karantawa ya laƙaba mini Mushe, yadda suke kiran malamin boko a can. Daga bakinsa na fara jin kaye a maimakon littafin rubutu, da duwan a maimakon kwastan, da jika a maimakon sefa dubu. Wani dare bayan isha'i, an ɗauke wuta, ya ga na baje takardun a gefen tiren burodi. Ya goge hannu a tsumma, ya ɗauki ta Yamai, ya kara ta kusa da fitilar ƙwai. Ya karanta ta a hankali, yana bin layi da yatsa, leɓunansa na motsi. Da ya zo kan hatimin Jami'ar Abdou Moumouni sai ya yi murmushi kamar ya ga ɗan garinsu.

"Mushe, ba kai ka ce littafin Mamani kake son tonawa ba? Ai ɗan jam'iyyar Sawaba ne, a Damagaram ya yi siyasa. Bai fi shekara takwas da rasuwa ba, waɗanda suka zauna da shi suna nan da ransu. Lugun ma ta gefenta za ka wuce in ka kai Dogon Dutsi. To me za ka je nema wani wuri?"

Ya ajiye takardar, tambarin yatsansa na man bota a gefenta, ya juya ya fasa wa wani ƙwai biyu. Har yau tambarin yana jikinta.

Ba zan ce maganarsa kaɗai ta yanke ba. Na riga na ji labarin cibiyar CELHTO da ke Yamai, inda aka tara kaset-kaset na tarihin baka, da ɗakin karatu na cibiyar binciken IRSH. Kawu ma da ya sake lissafi a bayan wani kwalin ya ga wannan zai iya, kuma yana da abokin ciniki a can da zai ba ni ɗaki. Umma ta ji an ce ana kiran salla sau biyar, kuma mota na zuwa kullum. Amma mai shayi ne ya haɗa tambayar Malam da taswira, abin da ni mai digiri na kasa yi wata guda. Na rubuta wa Zariya takardar godiya, na ajiye aikin Tarauni, shugaban makarantar yana ce mini na yi wauta. Ta fuskar kuɗi da shekaru bai yi ƙarya ba. Wani abokina da ya ɗauki Zariya ya riga ni samun aikin jami'a da shekara uku.

A Oktoba na hau mota a Ƙofar Ruwa. Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Na isa Yamai jiki duk ƙura, na tsayar da tasi, na gyara murya, na zuba masa Faransancin da na yi shekara bakwai ina gogewa, cewa ya haye da ni gadar Kennedy zuwa jami'a. Direban ya dube ni ta madubi ya ce, "Daga Kano kake, ko? Shigo mu tafi." Haka na yi shekara biyu. A aji Faransanci, a ɗakin karatu Faransanci, a kasuwa kuwa ina buɗe baki za a amsa mini da Hausa, wani lokaci har da ragin farashi. Ƙishirwar da ta fitar da ni daga gida rabinta kawai na kashe. Aikin Mamani dai ya samu abin da yake buƙata, har da tsofaffi biyu a Damagaram da suka ba ni yini guda-guda.

Bara wani maƙwabcina a Tarauni ya kawo mini 'yarsa, ta gama Faransanci, ta samu gurbi uku ita ma. Duk a waya ta nuna mini su, biyu a jami'o'in gida, ɗaya a Faransa ta hanyar Campus France. Babu Yamai a ciki, ban kuma yi mamaki ba. Tun juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyaka wata da watanni, sojojin Faransa suka fice, sannan a 2025 Nijar ta bar ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Na tambaye ta me take son bincikawa. Ta ce fassara, tana hangen aiki da ECOWAS. Na tambaye ta wa zai duba mata, ta ce ta ga sunayensu da hotunansu a intanet, amma ba ta yi magana da ko ɗaya ba. Na ce ta rubuta musu a daren, ta ga wanda zai fara amsawa.

Mahaifinta bai ce komai ba duk tsawon hirar, yana ta danna wayarsa. Can ya ɗago ya ce, "Malam, yuro nawa ne yau a Wapa?"