Wuta Ɗaya, Suna Uku

Sanin kowa ne cewa Bahaushe da kalma guda yake kiran dukkan al'amarin lantarki, wato wuta. An kawo wuta, an ɗauke wuta, wuta ta yi ƙasa, wuta ta ja yaro. A kasuwa wannan ya wadatar, amma a cikin aji babbar matsala ce, domin kuwa dokar da Bajamushen nan Georg Ohm ya bayyana a shekarar 1827 abubuwa uku ta rarrabe: ƙarfin da ke tura wutar, da yawan wadda ke gudana, da kuma cikas ɗin da take gamuwa da shi a hanya.

Wani malamin kimiyya a yankin Wurno, cikin ƙasar Birnin Kudu, ya daɗe yana fama da wannan lamari. Ɗalibansa sun haddace dokar da Turanci tsaf, amma in ya tambaye su me ya ragu sa'ad da ƙwan fitila ya dushe, sai su amsa baki ɗaya, wai wuta. Kayan gwaji kuwa ba su isa kowa ya taɓa ba.

Kwaikwayon gwaji a kwamfuta ba baƙon abu ba ne, don tun 2002 Carl Wieman ya assasa shirin PhET a Jami'ar Colorado ta Amurka. Sabon abu shi ne, bayan fitowar ChatGPT a 2022, malamin da bai taɓa koyon rubuta manhaja ba yana iya bayyana bukatarsa da magana, ƙirƙirarriyar basira ta gina masa. To, haka wannan malami ya yi. Ya nemi shafi guda mai buɗewa a wayar hannu ko babu intanet, ɗauke da batir da ƙwai da makunni, da kuma layin da yaro zai ja da yatsa.

Sai dai kafin ya ba da umarni, dole ta sa ya raɗa wa kowane abu suna: tunkuɗa, da kwarara, da turjiya. Kuma da yake na'urar takan yi kuskure ba tare da ta nuna alama ba, sai ya bi ta da alƙalami. Batiran tocila biyu volt 3 ke nan. A kan turjiyar ohm 10, kwarara amfiya 0.3 ce. Da aka mai da turjiya 20, kwarara ta sauko 0.15, ƙwai ya dushe, alhali tunkuɗa tana nan daram. Nan take ɗalibai suka gane mai raguwa da mai tsayawa. Gani ya kori ji.

Abin lura ga ɗaliban Sashen Hausa shi ne, ginin shafin bai wahalar da malamin kamar neman kalmomin nan uku ba. Idan masu nazarin harshe ba su zauna da malaman kimiyya sun daidaita irin waɗannan kalmomi ba, kowane malami zai ƙirƙiro nasa, yaron Wurno da na Gwaram su kasa fahimtar juna a kan darasi ɗaya.