Hunturu, gitar kawuna, da gaggawar da na yi

Da yawanku kun saba da muryata a rediyo, amma kaɗan ne suka san ina ɗan taɓa kiɗa. Yau ba labarin gari na kawo muku ba. Wata ɓarna ce na yi da hannuna a hunturun bara, na ga ya kamata in faɗa tun da sanyin ya sake shigowa, ko wani zai tsira.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya buga gitar bas a wata orkes zamanin Samariya, lokacin mulkin Seyni Kunce. Ga wanda bai sani ba, bas ita ce gitar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ba ka cika lura da ita ba sai ta yi shiru ka ji kiɗan ya zama fanko. Tasa Fender ce, samfurin Precision, wanda Leo Fender ya fara fitarwa a 1951 a Kalifoniya ta Amurka. A Legas ya saye ta, hannu na biyu. Idan aka kwance wuyanta akwai hatimi a gindinsa mai nuna 1966. Gefenta baƙi ne, sai ja, sai rawaya a tsakiya. A saman jikinta, inda hannunsa na dama yake kwanciya, fentin ya cinye har katako ya fito, ya yi santsi da gumin shekaru.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya kira ni ya ce in jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Ya ce: "Aro na ba ka, ɗana, ba kyauta ba." Na ce to, Kawu.

A watan Janairu muka tafi wani ƙauye a hanyar Dakoro ɗaukar shiri kan noman rani. Matasan garin sun ce za su yi wasa da dare, shi ya sa na tafi da ita da ɗan ampilina. An yi kiɗa har wajen ƙarfe ɗaya. Gajiya ta sa na mayar da ita akwati na bar ta a bayan mota, a fili, ta kwana cikin iska. Da asuba wayata ta nuna digiri 10. Kun san irin safiyar, wadda ruwan alwala yake yankan hannu kamar reza.

Na taɓa akwatin na ji shi kamar ƙanƙara. Sai tausayinta ya kama ni. Tun muna yara muna ganin makaɗa suna kara ganga kusa da wuta don fata ta miƙe, na ce bari ni ma in ɗumama tawa. Na kawo ta gaban wutar da masu shayi suka hura, na buɗe akwatin, na jingina ta. Ba a yi minti biyu ba na fara jin ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, irin ƙarar da kofin shayi na gilashi yake yi in an zuba masa ruwan zafi da sanyin safiya. Na juya ta wajen haske. Gaba ɗaya fuskarta ta tsattsage da siraran layuka, kamar ƙasan tabki in ya ƙafe. Wallahi sai da na zauna.

Abin haushi, na san dalilin tun ina lise. Mushen fizik ya koya mana cewa zafi yana buɗa abu, sanyi yana tsuke shi, kuma kowane abu da irin saurinsa. Fentin da ke bisa ya sha zafi nan take ya motsa, katakon da ke ƙarƙashi yana nan da sanyinsa. Ɗaya ya ja, ɗaya ya ƙi, sai mai rauni ya fashe. Fatar ganga tana miƙewa, tsohon berni ba ya miƙewa. Na ci wannan darasi a jarrabawa, na faɗi shi a gaban wutar shayi.

Daga nan ne na yi babban kuskuren. Da muka dawo Maradi ban je wajen Kawu ba, wajen kafinta na nufa. Mutum ne mai kirki, gwanin gado da kabad. Ya duba ya ce aiki ne mai sauƙi: a gurje ta duka, a fesa sabon berni, jikka goma sha biyar, kwana uku ta fito kamar amarya. Na yarda, don burina kada Kawu ya gani. Ya juya bayanta ya fara gogawa da takardar gurzar katako. Yana cikin yi sai idona ya faɗa kan wurin nan da hannun Kawu ya cinye. Na ce a raina, in an gurje wannan, me zan mayar masa? Na ce, "Malam, dakata." Amma ya riga ya cire fenti kamar faɗin tafin hannun yaro.

Daren nan wani abokin aiki ya haɗa ni da wani dattijo a Yamai, tsohon mabugin bas mai gyaran gita. Na kira shi ta WhatsApp na nuna masa. Ya ce in haska tocila a karkace, in bi layukan da farce, in duba mahaɗar wuya da jiki, in ɗan matsa in ga ko wani layi yana buɗewa. Babu wanda ya buɗe. Ya ce, "To yaro, katakonka lafiya lau. Fata ce ta tsage, ƙashi bai karye ba." Da na juya masa bayan, ya yi shiru, sannan ya ce, "Wannan kuma ba hunturu ba ne."

Shi ya bayyana mini cewa tsofaffin Fender na wancan zamani da wani berni ake gama su, ana ce masa nitiroselilos, irin wanda aka riƙa fesa wa motoci a da. Siriri ne, kuma yana ƙara bushewa da tsufa, shi ya sa ba ya jure canjin yanayi na farat ɗaya. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin ya koma wani fenti mai kauri irin na roba, wanda bai cika yin haka ba. Ya ce tsagewar ba ta taɓa murya, kuma masu neman tsofaffin gita sun san da ita, ba ta tayar musu da hankali. Abin da ke karya darajar gita shi ne a kankare fentinta na asali. Kuɗinta yana iya raguwa da kusan rabi. Har ma tun 1995 Fender da kanta take ƙera sabbin gita tana tsattsaga musu fenti da gangan, ana saye da tsada. Ni kuwa na ɗauki jikka goma sha biyar zan biya a share na gaske.

Ga abin da ya koya mini, na ba ku kyauta. In gita ta kwana a sanyi, shigo da ita ɗaki a bar akwatin a rufe na wasu awoyi, sai ka taɓa shi ka ji ya daidaita da ɗakin. Kada a kai ta kusa da wuta ko a shanya ta a rana. Haka ma in ta fito daga sitidiyo mai kilim zuwa zafin Afrilu, ko ta wuni a mota a rufe. In ta riga ta tsage, kada a shafa mata bazilin, ko man gyaɗa, ko man goge mota. Zai bi tsagar ya shiga ƙarƙashi, ya ɓata katako ya ɗaga fentin. Turare da maganin sauro na fesawa suna narkar da irin wannan berni. Tsumma mai laushi, busasshe, ya isa. In wani ɓangare ya fara ɓamɓarewa, wannan aikin mai gyaran gita ne.

Ya ƙara da cewa a ƙasarmu bushewa ta fi sanyin ɓarna. Katakon gita ya fi son danshin iska wajen kashi 45 zuwa 55 cikin 100, mu kuwa a hunturu yana sauka ƙasa da 20. Shi ya sa za ka ji bakin ƙananan ƙarafan wuyan suna kartar hannu: katako ne ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba. Maganin mai araha ne. A jiƙa soso a matse shi sosai, a sa a ƴar robar sabulu mai huji, a ajiye cikin akwatin inda ba zai taɓa gitar ba, a riƙa dubawa.

Sai da na yi sati biyu kafin na iya zuwa gaban Kawu. Bayan gaisuwa na buɗe akwatin ban ce komai ba. Ya bi layukan da yatsun hannunsa mai lafiya. Ya ce, "Wuta ka kai ta?" Na ce e, Kawu. Ya ce in haɗa ta da ampili in bugi babbar tsirkiya. Na buga, kwanukan da ke bisa kabad suka amsa. Ya miƙo ƙafarsa ya nuna mini faso a diddige, ya ce, "Ni ma kowace shekara haka ɗari ke yi mini, ba a yanke ta ba." Muka yi dariya.

Sai ya juya bayanta. Dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana kallon farin katakon, sannan ya ce, "Wannan fa, wa ya yi?" Na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Da ka zo ka gaya mini tun ranar, da na ce ka bar ta." Bai yi faɗa ba, kuma wallahi da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya ce in mayar da ita gida, aron bai ƙare ba.

Wurin yana nan, ban rufe shi ba. Duk lokacin da na rataya ta ina jin sa a cikina.

Na san a gidaje da yawa, a Damagaram, a Tawa, a Ƙonni, akwai irin waɗannan kaya a ƙarƙashin gado: gitar tsohuwar orkes, gurumi, molo, kalangun kaka. Dan Allah a duba su cikin sanyin nan, a raba su da wuta da rana. In kuma kayan aro ya samu matsala a hannunka, fara zuwa wajen mai shi kafin ka je wajen mai gyara. Wanda yake da irin wannan tsohon kaya a gidansu ya ba mu labarinsa, zan so in kawo wasu a shirinmu.

Allah ya ba Kawu lafiya, da duk marasa lafiyarmu. Sai mun haɗu.