Kurmi Uwar Rafi

Jama'a, duk wanda ya bi dazuzzukan ƙasar Kontagora da rani ya san abin da ake kira kurmi. Kana tafe cikin ƙuna, ciyawa ta bushe, sai ka hango wani layin itatuwa kore shar yana bin gaɓar rafi. Da ka shiga sai sanyi ya buge ka. Ga maɗaci, ga maje, ga kawo, rassansu sun haɗe, rana ba ta ratsawa sai kaɗan.

Amfanin kurmi ya wuce inuwa. Ganyen da ke zuba yana ruɓewa ya zama taki, ƙasa ta yi laushi, ta sha ruwan damina ta adana shi. Saiwoyi kuma su riƙe gaɓa, kada ruwa ya zaizaye ta. A ƙauyenmu akwai rafin da muke kamun kifi har bayan girbi. Da aka sare kurminsa, rafin ya cika da yashi. Yanzu tun watan Janairu mata ke tonon ƙorama su jira ruwa ya tsatso.

Me ke cin kurmi? Na farko gawayi. Kafin a sami buhu guda, sai an ƙone itacen da ya ninka shi nauyi sau biyar ko fiye, ga manyan motoci suna kwasa zuwa birane. Na biyu katako. An yi ta saran madobiya a Nijeriya ana kai wa ƙasar Sin, har ƙasashen duniya suka sa wa cinikinta takunkumi a 2016. Na uku gobarar daji, wadda ke kashe ƙananan itatuwa kafin su miƙe.

Gwamnati ta haɗa gandun Zugurma da na Borgu a 1979, suka zama Gandun Dajin Tafkin Kainji. Madalla. Amma ma'aikatan gandu ba su isa su tsare kurmin kowane ƙauye ba. Ban kuwa ga laifin talaka mai toya gawayi don ciyar da iyali ba, muddin ba a nuna masa wata hanya ba.

To, 'yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne malamai a ƙauyukan nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowa ya kafa lambun renon itatuwa a makarantarsa, yara su tsinto ƙwallon kaɗanya da irin ɗorawa, su shuka, su yi ban ruwa, su kewaye da ƙaya saboda awaki. Mu kuma roƙi dagatai su hana sara a gaɓar rafi. Yaron da ya yi renon itace da hannunsa zai yi jinkiri kafin ya ɗora masa gatari.

Allah Ya ba mu ikon cika wannan amana, amin.