Babban Yatsa da Abin da Hoton Ƙashi Ba Ya Nunawa

 

Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu akwai ƙasusuwa biyu a jere, kuma suna cikin waɗanda suka fi yawan karyewa a jikin yara, domin duk yaron da ya faɗi da hannu yake tarar ƙasa. Mafi yawan irin wannan karaya ba ta bukatar wuƙa. A ja ƙashin a daidaita, a sa filasta, cikin makonni kaɗan ya haɗe, saboda Allah Ya sanya wa ƙashin yaro saurin warkewa da na babba ba shi da shi. Amma wata karayar ba ta tsayuwa inda aka ajiye ta. A nan likitoci kan zura siririn ƙarfe mai lanƙwasuwa cikin ɓargon ƙashin, dabarar da likitocin birnin Nansi na Faransa, irin su Jean-Paul Métaizeau, suka yaɗa a shekarun 1980. Aiki ne mai kyau. Tabonsa ƙarami ne, kuma bayan wasu watanni a zare ƙarfen.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata jijiya guda da ke bi ta kusa da mashigar ƙarfen. Hausa tana kiran abubuwa da dama jijiya. Wadda nake nufi ita ce irin agara, wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi. Tana fitowa daga tsokar damtse, ta zagaye wani ɗan tudun ƙashi a bayan wuyan hannu kamar igiyar guga a bakin rijiya, ta miƙe har ƙarshen babban yatsa. Ita ke ɗaga shi. Idan aka shigar da ƙarfen ta bayan hannu, kusa da wannan tudun, bakinsa da aka datse yana iya riƙa gugar ta a hankali har ta tsinke. Idan kuma aka shigar ta gefe, akwai jijiyar ji da za a iya taɓawa, bayan yatsan ya yi sanyi ko ya dinga tsirawa. Likita yana zaɓe ne tsakanin haɗari biyu. Ba kasafai abin ke faruwa ba, amma yana faruwa.

Ɗan yayata yana da shekara tara lokacin da ya faɗo daga katanga. Aka yi masa aikin, hoto ya nuna ƙashi ya miƙe sambal, gida ya cika da 'yan barka. Kusan wata biyu bayan haka malaminsu na Islamiyya ya lura yaron yana buɗe shafin Alƙur'ani da gefen hannu, kan babban yatsansa a lanƙwashe. Bai taɓa yin kuka ba, domin abin ba ya yi masa zafi sosai, kuma yaro idan gaɓa ta ƙi masa aiki sai ya nemi wata dabara ya ci gaba da wasansa. Likita ya ce ya shimfiɗa tafinsa a kan tebur ya ɗaga babban yatsa sama. Yatsan bai tashi ba. Gwajin ke nan gaba ɗaya, ba ya bukatar na'ura, kowace uwa za ta iya yi a kan faranti.

Jijiyar da ta tsinke ta hanyar guga ba ta cika ɗinkuwa ba, domin bakinta ya zama kamar tsohuwar igiya, tsokar kuma ta ja da baya. Sai dai yatsa manuni yana da jijiyoyi biyu masu miƙe shi. Likita ya ɗauki guda ya karkatar da ita ya haɗa da ragowar ta babban yatsa, aka sake sa filasta na kimanin wata ɗaya, sannan aka shiga koya wa hannun motsi. Na daɗe ina juya wannan a raina. Yatsan da muke ɗagawa a zaman tahiya shi ne aka ajiye wa rara, kuma bayan ya bayar, galibi yana ci gaba da tashi shi kaɗai. Subhanallah.

Abin da ya fi damuna shi ne maganganun da suka biyo baya a gida. Wani ɓangare ya ce ƙaddara ce, a rufe baki, komawa asibiti da tambaya kamar rashin godiya ne. Wani ɓangaren ya ce da ma an kai shi wurin mai ɗori, likitoci sun lalata hannun yaro. A ganina duka biyun sun yi wa ilimi gajen haƙuri. Malamanmu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'ad, ya rarraba masu magani kashi biyar game da biyan diyya, ya bambanta gwanin da aka yi wa izini, ya yi aikinsa yadda ya dace, sannan cuta ta biyo baya, da jahilin da ya shiga aikin da bai sani ba. Na farko babu lamuni a kansa, na biyu akwai. Wanda ya yi wannan rarrabewa ya yi imani da ƙaddara fiye da mu, kuma imanin bai hana shi tambayar yadda aka yi aikin ba. Da an bi masu cewa a yi shiru, yaron zai girma da yatsan da ba ya miƙewa, alhali gyaransa yana nan.

Ku ne kuke raka ƙannenku asibiti, ku ne ake miƙa wa takarda a ce ku karanta. Ku tambayi likita cikin ladabi ta ina ƙarfen ya shiga da yaushe za a cire shi. Bayan an kwance filasta, ku riƙa sa yaron ya ɗaga babban yatsa, ya miƙe sauran, ya dunƙule hannu. Wani lokaci jijiyar da ke lanƙwasa yatsu kan maƙale a wurin karayar, sai yatsa ya ƙi miƙewa idan an ɗaga wuyan hannu. In kun ga haka, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yi wa hannun masu yi musu magani albarka. Wassalamu alaikum.