Abin da Shirwa Ke Tarawa a Jikinta

Ranar Juma'a, idan kasuwar Wudil ta cika, ba fatake da mahauta ne kaɗai ke hada-hada ba. A saman kara da mayanka shirwa na shawagi, tana jiran ɗan yankin hanji ko kitsen da aka jefar. Daga nan ta leƙa bakin kogi, inda masunta ke gyaran kifi, ta biya ta kan juji ta sure ɓera ko ɗan tsako. Abincinta na rana guda ya ratsa kasuwa da kogi da bola. Wannan ne ya sa masana kimiyyar muhalli ke ɗaukar tsuntsaye masu farauta a matsayin ma'auni: duk gubar da ke yawo a gari, a jikinsu take fara taruwa har a iya auna ta.

Cikin gubar da aka fi bibiya ta wannan hanya akwai sinadaran da ake kira PBDE, masu ɗauke da bromin, waɗanda aka fara zuba wa kayan masana'anta tun shekarun 1970 don su jinkirta kamawar wuta. Suna cikin soson kujeru da na motoci, da robar bayan tsofaffin talabijin da kwamfuta, da rigar wayoyin lantarki. Niyyar mai kyau ce. A 1975 jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa ƙa'idar cewa dole soson kujera ya jure harshen wuta na daƙiƙa 12, kuma da yake kasuwarta babba ce, masana'antu suka bi ƙa'idar a kayan da suke kaiwa wasu wurare ma. Matsalar ita ce ba a ɗaure sinadarin da robar ba, cakuɗa shi kawai aka yi. Yana fita a hankali ya shiga ƙurar ɗaki, idan kuma aka ƙona kayan ya bi hayaƙi da toka.

Halinsa biyu ne suka sa ya zama abin tsoro. Ba ya ruɓewa da wuri, kuma ba ya son ruwa, kitse yake so. Idan ya faɗa kogi sai ya kwanta cikin laka. Tsutsar da ke cin laka ta ɗauki kaɗan, ƙaramin kifi ya ci tsutsa dubu, babban kifi ya ci ƙanana ɗari, kowannensu yana riƙe abin da ya ci a kitsensa ba tare da ya fitar ba. Wanda ke ƙarshen layi shi ke gadon kowa. A sama, shaho da shirwa da gaggafa ne ƙarshen layin. A ƙasa, ɗan Adam ne.

An ga haka a zahiri. A 2004 masu bincike a Suwidin sun samu waɗannan sinadarai cikin ƙwan shaho na daji, har da nau'in da masana'antu suka daɗe suna cewa girman ƙwayarsa ya hana shi shiga jikin mai rai. A Kanada an ciyar da wasu ƙananan shahuna abinci mai PBDE, sai aka ga sun makara wajen saka ƙwai, ɓawon ƙwan ya yi siriri, ƙyanƙyasa ta ragu. A 2015 kuma aka ba da labarin wani shaho da aka tsinta kusa da wurin tara shara a yankin Bankuba, kitsen hantarsa na ɗauke da kashi 196 cikin miliyan na sinadarin, adadin da ya sa aka kira shi tsuntsun dajin da ya fi kowane gurɓata. Bai taɓa shiga masana'anta ba. Tsuntsayen da ke kiwo a juji yake ci.

Labarin da ya fi kusa da zuciyar mai kiwo shi ne na jihar Mishigan. A 1973 aka yi kuskuren haɗa buhunan PBB, ɗan'uwan PBDE, cikin abincin dabbobi a madadin wani sinadarin ƙarin gina jiki. Shanu suka rame, nono ya ƙafe, 'yan maruƙa suka yi ta mutuwa, aka ɗauki kusan shekara kafin a gano dalili. An hallaka shanu wajen 30,000 da kaji kimanin miliyan ɗaya da rabi, amma kafin nan yawancin mutanen jihar sun riga sun sha madarar sun ci naman. Bayan shekaru arba'in ana samun sinadarin a jinin waɗanda suka ci.

Ga mutum, inda aka fi damuwa shi ne halittar nan ta maƙogwaro, tayirod, wadda kumburinta ke jawo maƙoƙo. Ƙirar PBDE ta yi kama da ta sinadarin da tayirod ke fitarwa, wanda ginin ƙwaƙwalwar ɗan tayi ya dogara da shi, don haka yana iya rikita aikinsa. Binciken da aka yi kan mata masu ciki a Amurka ya danganta yawansa a jinin uwa da raguwar kaifin fahimta da natsuwar yaro. Tun da farko ma abin da ya farkar da Turai shi ne nonon uwa: samfuran da Suwidin ta adana daga 1972 zuwa 1997 sun nuna sinadarin yana ninkawa kusan duk shekara biyar. Wannan ba dalilin yaye jariri ba ne, likitoci sun haɗu a kan cewa amfanin shayarwa ya rinjayi haɗarin nesa ba kusa ba. Magani yana can inda gubar ke fitowa.

Yarjejeniyar Stockholm, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2004, ta haramta manyan nau'o'in PBDE biyu a 2009, ta ƙara na uku a 2017. Sai dai haramta ƙera sabo bai kwashe tsoho ba, kuma tsohon nan ne ke zuwa Afirka ta Yamma da sunan gwanjo. Wani nazari da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga ya ƙiyasta cewa a 2015 da 2016 ana shigo da tsofaffin kayan lantarki wajen tan 60,000 Nijeriya duk shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu matattu ne tun daga jirgi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Matattun su ne ke ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, waɗanda ke cinna wa waya wuta don su fitar da jan ƙarfe, su watsar da robar. Ƙona roba mai bromin a fili yana haifar da wata gubar da ta fi ta farko muni, dayoksin. A Agbogbloshie da ke Akkara, inda a lokacin ake irin wannan ƙona, an gwada ƙwan kajin da ke kiwo a wurin, a rahoton 2019 aka samu dayoksin ɗin da ke cikin ƙwai guda ya ninka abin da hukumar abinci ta Turai ta yarda mutum ya ci a rana sau 220.

Matsayin Wudil a taswira shi ya sa maganar ta shafe ta. Kogin Challawa, wanda ke kwasar ruwan masana'antun Challawa da Sharaɗa da magudanan wani sashe na birnin Kano, yana haɗuwa da Kogin Kano kafin ruwan ya iso ƙarƙashin gadar Wudil, ya wuce Haɗeja da fadamun Nguru. Tokar da damina ta wanke daga jujin birni nan take bi. A wannan ruwa ake su, da shi ake noman rani, a bakinsa ake shayar da shanu.

Akwai gargaɗi ɗaya. Ungulu ta yi ƙaranci a mayankun Arewa, kuma tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, amma sanannun dalilan su ne farautarta don tsibbu da guba da ake sa wa mushe. Ɗora laifin a kan PBDE zai zama zato. Shirwa kuwa tana nan da yawa, kuma gwada ta ba ya bukatar kashe ta: gashin da ta zubar, ƙwan da ya ƙi ƙyanƙyashewa, da gawar wadda mota ta buge sun isa. Garin na da jami'ar kimiyya da fasaha a cikinsa, Jami'ar Aliko Ɗangote, kuma daga harabarta zuwa bakin kogi tafiyar mintuna ce. Gashin shirwa, lakar ƙarƙashin gada, kitsen tarwaɗa da ƙwan kajin gida, idan aka auna su tare a damina da rani, za su nuna wa hukumar NESREA jujin da ya kamata ta fara hana ƙonawa.